Yadda ake janye ƙarar rabuwar aure idan miji da mata sun shirya

Rikici ya kai miji da mata har gaban alƙali, daga baya manya sun shiga tsakani, matar ta koma ɗakinta, an ɗora tukunya, kowa ya ce magana ta mutu. A gida ne ta mutu. A gidan shari'a dosiye, wato fayil ɗin ƙarar, yana nan da lambarsa da ranar zamansa, kuma alƙali ba ya bin labarin unguwa. Muddin ba wanda ya je ya gaya masa, abin da ke cikin takarda shi zai bi. Ta haka ake samun mutane suna kwana ɗaki ɗaya alhali takardar hukuma ta ce sun rabu, kuma abin ba ya tashi fitowa sai ranar da ake neman fansho ko aka zo rabon gado.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. An je kotu an janye ƙara lafiya lau, amma igiyar auren ta riga ta tsinke a addini ba wanda ya lura. Saboda haka aiki biyu ne a gaban waɗanda suka shirya, na igiya da na takarda, kuma kowanne da ƙofar da ake binsa.

A Nijar waɗannan biyun a cuɗe suke. Ƙasar ba ta da kundin dokar iyali guda da ya hau kan kowa. Doka mai lamba 2018-37 ta 1 ga watan Yuni 2018, wadda ta tsara kotuna, ta ce a maganar aure da saki da gado alƙali ya yi aiki da al'adar masu shari'ar. Al'adar Hausawan Maraɗi kuwa a wannan fanni ta daɗe da gaurayuwa da fiƙihun Malikiyya. Shi ya sa za ka ga mai shari'a zaune da mataimaka masana al'ada a gefensa, galibi malamai ne ko dattawa, yana jin shawararsu kafin ya yanke. Tambayar da malamin unguwa zai yi muku, su ma ita za su yi.

Da fari, a ƙirga igiya

Kafin kowa ya hau babur zuwa kotu, miji da mata su zauna su amsa tambaya ɗaya tsakaninsu da Allah: an furta saki ko ba a furta ba?

Yaji ba saki ba ne. Kai ƙara ma ba saki ba ne. Matar da ta tafi gidansu ta yi wata biyar, ta kai ƙara tana neman a raba auren, amma miji bai furta ba, alƙali bai yanke ba, aurenta na nan daram. Babu idda, babu maganar kome, wato mayar da mata bayan saki, babu sabon sadaki. Biko kawai za a yi, sai a wuce maganar takarda.

In kuwa an furta, ko da baki, ko a rubuce, ko ta waya, ko ta saƙon murya na WhatsApp, to sai a tsaya a duba abu uku: saki nawa ne, yaushe aka yi, kuma wane iri ne. A haɗa da na baya. Sakin da aka yi shekara goma da suka wuce, tun ana amarci, yana nan cikin lissafi, kuma sake ɗaura aure da aka yi bayansa bai goge shi ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, suna zaton sabon goro ya dawo musu da igiya uku cif.

Saki ɗaya ko biyu da miji ya yi da kansa, matar kuma tana cikin idda, shi ne mai sauƙi. Miji yana da damar kome ba tare da waliyyi ko sadaki ba, kamar yadda aya ta 228 ta Suratul Baƙara ta nuna. Sai dai a kula da lissafin iddar. Ya zama jiki a gari a ce "wata uku", alhali wata uku na wadda ba ta jinin al'ada ne. Mai al'ada tsarki uku take ƙirgawa, wanda kan iya cika tun wata uku ba su yi ba, kuma maganarta ake karɓa a kan haka, ba ta uwar miji ba. Mai ciki iddarta haihuwa, ko da washegarin saki ta sauka. Mai shayarwa da jini ya ɗauke mata kuwa, tata tana iya jan lokaci sosai, sai a kai wa malami lissafin.

Idda ta cika ba a yi kome ba? To miji ya zama bazawari kamar kowa. Sai da yardarta, da waliyyinta, da sadaki, da shaidu biyu. In ta ce ba ta so, babu mai tilasta ta. Haka nan wadda aka saka tun ba a tare ba, ba ta da idda, sai sabon ɗauri.

Hul'i, wato matar ta fanshi kanta da mayar da sadaki ko wani abu da suka daidaita, shi ma ba a kome a cikinsa ko da jiya aka yi. Sai an sake ɗaurawa, kuma igiya ɗaya ta tafi. Sakin da alƙali ya yi saboda cutarwa haka yake. Wanda ya yi saboda miji ya kasa ciyarwa kuwa ya ɗan bambanta a Malikiyya: mijin na iya kome a cikin idda, da sharaɗin ya sami abin ciyarwar. Ba alkawarin zai samu ba, ya samu.

Saki uku kuwa babu janye ƙarar da zai gyara shi. Aya ta 230 ta Baƙara ta rufe ƙofar sai ta auri wani aure na gaskiya, an tare, ya rabu da ita ko ya rasu, ta gama idda. Auren kashe wuta, wanda ake shiryawa da wani ya aura ya saka, ɓatacce ne a mazhabar Malik kuma ba ya halatta ta. Inda ake ja-in-ja shi ne mutumin da ya ce "na sake ki saki uku" a numfashi ɗaya. Malikiyya uku take ƙirgawa, wasu malamai a nan Maraɗi kuma ɗaya suke ƙirgawa, kowanne da hujjarsa. Shawarata ita ce ku je ku biyu wurin malami ɗaya da kuka yarda da iliminsa tun kafin rikicin, a faɗi lafazin yadda ya fito ba ragi ba ƙari, a karɓi abin da ya ce. Yawon neman fatawa daga unguwar Zariya zuwa ta Sabon Gari har a dace da mai cewa abin da rai ke so, ba ya barin zuciya ta kwanta, kuma ranar da aka sake faɗa sai wani ya gorantawa wani da shi.

Zaman manya

Wannan ba sharaɗin kotu ba ne, amma ban ga amfanin janye ƙara ba in abin da ya kawo ta yana nan. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A zaɓi waɗanda ake jin nauyinsu kuma ba su da hannu a rikicin. Kawun matar yakan fi mahaifinta iya wannan aiki, don uba ko dai kunya ta hana shi kare ƴarsa ko fushi ya hana shi sauraron suruki.

A zaman nan a kira abu da sunansa. In kuɗin cefane ne, a faɗi jika nawa a rana ko a mako. In rabon kwana ne tsakaninta da abokiyar zama, a tsara shi. In zama gida ɗaya da dangin miji ne, a yanke ko za a ja katanga ko za a nemi haya, da watan da za a yi. In hana ta sana'a ne ko zuwa asibiti ko ziyarar gida, a faɗa. "Ku je ku yi haƙuri" ba sharaɗi ba ne. A sa wani ya rubuta abin da aka daidaita, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu.

Sannan a keɓe matar, ba a gaban miji ba, ba a gaban mahaifinta ba, wata gwaggo ko inna ta tambaye ta: "Ke wance, har zuciyarki kina son komawa, ko kunyar Baba kike ji?" Wannan tambaya ta fi muhimmanci inda ƙarar ta duka ce. Aya ta 231 ta Baƙara ta hana a riƙe mace don a cutar da ita, kuma akwai mazan da ke neman sulhu ba don komai ba sai don a kashe ƙarar su huta da sammaci. Matar da ba ta natsu ba tana da wata hanya tsakanin janyewa da ci gaba: ta roƙi alƙali ya ɗage zaman zuwa wani lokaci, ta ce ana ƙoƙarin sulhu. Alƙalai ba su cika ƙin wannan ba, don su ma sulhun suke fara nema. In zama ya yi daɗi a janye, in bai yi ba dosiye na nan, ba sai an faro daga tushe ba.

Kome a gaban shaidu

Ga wanda kome ya halatta gare shi, ya yi shi da baki da niyya, a fili. Ya samu maza biyu adilai, liman da mai unguwa misali, ya ce: "Ku shaida, na mayar da matata wance ɗakinta." A Malikiyya kafa shaidu mustahabbi ne, kome yana inganta ko babu su, amma aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da shi, kuma malaman mazhabar sun ce matar da ta ƙi ba da kanta sai an kafa shaidu ta yi daidai. A rubuta ranar. Gardamar "kafin idda ta cika ne ko bayan ta cika" ta wargaza gidaje da dama, kuma ƴar takarda mai kwanan wata ce ke kashe ta.

In sabon ɗauri ake bukata, a yi shi kafin matar ta tare, ba bayan ta kwana biyu a ɗaki ba.

Gidan shari'a

Kotun da aka kai ƙarar ita za a koma, ba wata ba. Wanda ya kai a Madarunfa ko Gidan Runji ko Tasawa ko Mayahi ko Dakwaro, can zai je, ko da yanzu cikin birnin Maraɗi yake zaune. Kuma wanda ya kai ƙarar shi ke janye ta. In matar ce ta kai, miji ba zai je shi kaɗai ya ce "mun shirya" a rufe dosiye ba, haka wanta ko mahaifinta.

Ku tafi tare da safe, ranar aiki, tun kafin ranar zaman ta zo. Ku riƙe takardar sammaci, don a jikinta lambar dosiye take, da katin ɗan ƙasa na kowannenku, da takardar aure in akwai, da takardar sulhun da aka rubuta a gida. Ofishin girefiye za ku nema, wato magatakardan kotu, shi ke riƙe da rajista da dosiyoyi. Bayan gaisuwa, mai ƙarar ta ce: "Metir, mun zo ne a kan dosiye lamba kaza. Ni na kawo ƙara, mun shirya da maigidana, ina so in janye."

A haɗa da wasiƙa. Da faransanci ake rubuta ta zuwa ga shugaban kotun, kuma duk wanda ya yi lakwal sosai zai iya rubutawa. Ba ta wuce layi goma: sunayenku yadda suke a katin ɗan ƙasa harafi da harafi, lambar dosiye, ranar zama mai zuwa, sai cewa kun sulhunta kuma mai ƙara ta janye ƙararta, ɗayan kuma ya amince. Sa hannu ko dangwala yatsa, ku biyu. Wadda ba ta jin faransanci kada ta dangwala sai wani nata ya karanta ya fassara mata. Ku yi kofi biyu, a buga wa naku hatimi da ranar da aka karɓa. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku karɓi rasi.

Me ya sa sai ɗayan ya sa hannu? Saboda a ƙa'idar shari'ar farar hula, wadda doka mai lamba 2015-23 ta 23 ga watan Afrilu 2015 ta tsara, in wanda ake ƙara ya riga ya kare kansa ko ya shigar da tasa buƙatar, janyewar mai ƙara ita kaɗai ba ta wadatarwa. A ce matar ta nemi saki, shi kuma ya ce to a ba shi yara ko a mayar masa da sadaki. Wannan buƙata tasa sai shi ma ya janye ta. In akwai lauya a ciki, a sanar da shi tun farko, shi zai shigar da takardar.

A lura da lafazin wasiƙar. Janye wannan ƙarar da ke gaban kotu daban, yafe haƙƙin sake kawo ƙara a kan maganar daban. Na farkon ake so. Bai kamata sulhu ya zama dalilin da mace za ta rufe wa kanta ƙofar kotu ba.

Bayan wasiƙa, ranar zaman ma ku je, sai in an ce muku ba sai kun zo ba. Mai shari'a zai so ya ji daga bakin matar. Nan ne ya dace ku roƙa a rubuta muku takardar sulhu ta kotu, a zuba sharuɗɗan da kuka daidaita a ciki. Ta fi janyewa tsura ƙarfi nesa ba kusa ba, don in miji ya ce zai riƙa ba da kaza ya saɓa, akwai abin riƙewa. Kafin ku fita ku tambayi ranar da za ku karɓi kofin takardar da ke nuna an rufe dosiye, ku kuma dawo ku karɓa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙin zuwa kawai, wai in ba a ga kowa ba za a gane. Abin da kan faru: ko a yi ta ɗage zama ana aiko sammaci, ko a cire dosiyen daga jerin zama ya kwanta ba tare da ya mutu ba, ko kuma in ɗaya ya je ɗaya bai je ba a yi hukunci a bayan idonsa.

In an gama sauraro an sa ranar yanke hukunci, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ku kai wasiƙar yau, ku nemi ganin alƙalin da kansa. In kuwa an riga an yanke, babu sauran ƙarar da za a janye. Akwai ɗaukaka ƙara, mai wa'adi ƙayyadadde da girefiye zai gaya muku ranar cikarsa, amma ga auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure ban ga ribar wannan doguwar hanya ba. In da sauran igiya, sake ɗaurawa ya fi sauri, ya fi araha, ya fi kuma kwantar da rai ta fuskar addini.

Mijin da ya kai takardar sakinsa kotu don a tabbatar, sannan ya yi kome, shi ma ya koma da shaidunsa ya sanar kafin a fitar da takardar shaidar saki.

Kada a manta da umarnin wucin gadi. In alƙali ya riga ya yanka kuɗin ciyar da yara, musamman in daga albashi ake cirewa, ko ya ce yara su zauna wurin wane, a roƙa a ambaci ɗage shi a takardar rufewa, a kai kofi wurin aikin mijin.

Waɗanda suka yi aurensu a gaban magajin gari bisa dokar farar hula, kamar yawancin ƴan'uwanmu Kirista, lissafin igiya bai shafe su ba. A wannan doka sulhu da kansa yana kashe ƙarar saki, amma sai an sanar da alƙali. In sabon laifi ya faru bayan sulhun ana iya sake kai ƙara, har a kafa hujja da na baya. In hukuncin saki ya riga ya tabbata, sai sabon aure a meri, wato ofishin magajin gari.

Wanda ba shi da halin lauya kuma maganar ta cukurkuɗe, ya tambayi ofishin ANAJJ a babbar kotun Maraɗi. Hukuma ce da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, kuma bayanin doka kyauta suke yi.

Sauran ƙofofin da aka ƙwanƙwasa

Da wuya rikicin aure ya fara daga kotu. An bi ta wurin mai unguwa, wataƙila har fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, ko ofishin ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa, wadda ke sasanta ma'aurata tun kafuwarta a 1974. Doka mai lamba 2015-01 ta 13 ga watan Janairu 2015 ta ba sarakuna ikon sulhu, ta kuma ce su rubuta a rajista ko an shirya ko ba a shirya ba, su aika wa kotu. Ke nan in rajistar fada ta ce ba ku shirya ba, haka za ta ci gaba da cewa. Ku koma da goronku ku yi godiya, ku roƙa a rubuta cewa an daidaita. Takardar sulhun fada da kuka sa wa hannu, kotu na iya buga mata hatimin zartarwa in ɗayanku ya nema.

Ƙarar duka da aka kai komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko wurin jandarmomi ba ɗaya take da ƙarar aure ba. Matar na iya cewa ta yafe, amma ci gaba ko tsayawa yana hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kada dangin miji su dame ta da cewa ita ta ƙi janyewa.

Sai meri. Doka mai lamba 2019-29 ta 1 ga watan Yuli 2019 ta wajabta bayyana aure da saki a ofishin rajistar jama'a, kamar haihuwa da mutuwa. In an riga an rubuta sakin, kuka sake ɗaura aure, ku bayyana sabon auren nan da nan tare da shaidunku, don in wa'adi ya wuce sai an bi ta hannun alƙali kafin a ba da takarda. In ba a kai ga rubuta sakin ba, ku karɓi sabon kofin takardar aurenku ku duba gefenta, ku tabbata ba a rubuta komai ba.

Kuɗin hul'i da aka fara biya aka tsaya, da kayan ɗaki da aka kwashe a amalanke, da akuya ko firjin da aka sayar lokacin rikici, duk a yi maganarsu a zaman manya a rubuta. Takardun kuma kowa ya riƙe nasa kofi, matar ta ajiye nata a gidansu.

Mijin da ke ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya, aka shirya ta waya, ya yi komensa a kira ɗaya da shaidu biyu suna ji, ya tabbata labari ya kai ga matar da waliyyinta kafin idda ta cika. A Malikiyya, in ya yi kome bai sanar ba, ta gama idda ta auri wani har suka tare ba su sani ba, ta kuɓuce masa. Ta wajen kotu kuwa, in ita ce mai ƙara ta je ta fara shigar da wasiƙarta, ta tambayi girefiye irin takardar wakilci ko ta amincewa da za su karɓa daga wanda ba ya gari, a aiko da ita kafin ranar zama.